Sabon Shiga a Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Makaranta: Daga Ba da Suna Zuwa Hawa Dandamali

A yawancin makarantun sakandare na karkarar Kano da Jigawa, ƙungiyar wasan kwaikwayo tana hannun malamin Hausa ko na Turanci, sannan akwai ɗalibi ɗan babban aji da ke riƙe da littafin sunaye. Wurinsa za ka fara zuwa a makonnin farko na zangon karatu, kafin a raba matsayi. Idan ka makara, sai dai ka yi ɗan kallo har wasa na gaba.

Kafin ka ba da suna, ka sanar a gida, musamman idan kai ɗan jeka-ka-dawo ne. Iyaye da yawa da sun ji "dirama" sai hankalinsu ya tafi kan fim. Ka faɗa musu sunan malamin da ke kula da ƙungiyar, da ranar gwaji, da lokacin tashi. Ga ɗaliba mace wannan ya fi zama dole. Ka kuma duba ko gwajin zai ci karo da Islamiyya, ko ranar kasuwar garinku, ko aikin gona da damina. Wanda ya yi fashin gwaji sau uku, ba a jiransa, wani ake ba matsayinsa.

Ranar farko ba za a ba ka sarki ko alƙali ba. Dogari za ka samu, ko ɗan aike, ko mai tallan goro da zai faɗi jimla biyu ya wuce. Karɓa. A nan ake gane mai zuwa kan lokaci da wanda muryarsa ke fita. Duk wanda ya taɓa yin tashe da azumi ya riga ya san rabin aikin, domin ya saba tsayawa gaban mutane da gemun auduga ba tare da ya ƙyalƙyale da dariya ba.

Murya ita ce inda sabon shiga ya fi faɗuwa. Makarantar ƙauye ba kasafai take da makirfo fiye da ɗaya ba, in ma akwai, sau da yawa kuma a fili ake wasan, inda iska ke kwashe magana. Ihu ba ya magani: maƙogwaro yake kashewa cikin minti goma, kalmomin kuma su cakuɗe. Ga yadda ake yi. Ɗora tafin hannu a kan cibiya, ja numfashi ta hanci har ka ji cikin ya turo hannun, kafaɗu ba su ɗaga ba. Sai ka saki maganar a kan wannan iskar. Ka sa abokinka ya tsaya taku ashirin daga inda kake, ka faɗi jimlarka, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. Inda ya kasa maimaitawa, nan matsalar take, kuma kusan kullum ƙarshen jimla ne, don a nan numfashi ke ƙarewa. Ka rage sauri, ka buɗe baki fiye da yadda ka saba. Maganar nan mai karya harshe irin ta yara tana taimakawa wajen fitar da ƙ da ɗ da ts sarai. Minti biyar kafin gwaji ya isa. Da hunturu ka riƙa kurɓar ruwan ɗumi, don ƙura na busar da maƙoshi. Da damina kuwa, in ana wasa a ɗaki mai rufin kwano ruwa ya sauko, a dakata kawai, babu muryar da ke kayar da kwano.

Sai tsayuwa. Kunya kan sa sabon shiga ya fuskanci abokin wasansa gaba ɗaya, ya ba 'yan kallo ƙeya. Ka tsaya a karkace, ƙafar da ke kusa da 'yan kallo ta ɗan ja baya, yadda ƙirjinka zai buɗe gare su. In za ka durƙusa gaida mai gari a cikin wasa, "Ranka ya daɗe" ɗin kada ka faɗa wa ƙasa, ɗago haɓa kaɗan. Kuma kada ka tsaya gaban wanda ke magana.

Wasanninmu iri biyu ne. Akwai rubutacce, mai kashi-kashi da fitowa-fitowa. Akwai wanda malam zai ba da labarin kawai, kowa ya sa maganarsa. A rubutacce, kwafe naka a takarda daban, kuma saman kowace magana taka ka rubuta kalmomi uku na ƙarshe na wanda kake amsa wa. Masu mantuwa a dandamali galibi sun haddace nasu tsaf, ba su dai san lokacin shiga ba ne. A wanda ba a rubuta ba, haɗarin shi ne tsawaitawa da hayaniya: fitowar minti uku ta koma goma, mutum huɗu na magana lokaci guda. Maganinsa a tsayar da jimlar buɗe kowace fitowa da ta rufe ta, kowa ya san su. Wasan makaranta da ya wuce minti talatin, 'yan ƙananan aji sun fara surutu.

In an yi dariya, yi shiru ka riƙe fuskarka har ta fara lafawa, sannan ka ci gaba. In ka manta magana, kada ka kalli bayan labule kana sosa kai. Yi abin da mutumin da kake kwaikwaya zai yi, gyara rawani ko jan carbi, abokin wasanka zai jefo maka tambayar da za ta dawo da kai.

Kayan wasa aro ake yi: babbar riga, hula, zane, ƙwarya, tabarma, sanda. A rubuta na wane ne, a mayar washegari, don rigar da ta ɓata ita ke hana a ba da aro baɗi. Gemu da auduga ake yi, a manna da ƙaro da aka jiƙa tun dare ya yi kauri, ruwan ɗumi kuma ke cire shi. Kada a kuskura a sa gam mai kamawa nan take, fata yake ɗayewa. Furfura da hoda ko garin alli, a kare ido lokacin shafawa. Tamoji da gawayi, layi biyu ko uku a goshi. Tumbin attajiri matashin kai ne, amma a ɗaure shi da ɗankwali ta ciki, in ba haka ba tsakiyar faɗa zai sulluɓo ƙasa. A makarantar maza zalla, wanda ya fito a mace ya ɗaura zanen a kan wandonsa, ya yi gwaji da shi aƙalla sau biyu, saboda tafiya cikin zane sai an koya. A makarantar da ke haɗe maza da mata, ko da miji da mata ake kwaikwaya, ba a taɓa juna.

Abu guda da ke rufe ƙungiya dungurungum shi ne kwaikwayon mutumin da kowa ya sani. A ƙauye, tafiyar dagaci ko tarin wani malami ba ya ɓuya, kafin magariba labari ya kai masa. Ka ƙirƙiro naka mutumin: tafiya daga nan, salon magana daga can.

Gwajin ƙarshe a yi shi da cikakkun kaya, a ainihin wurin, kwana ɗaya kafin wasa. In tebura aka haɗa suka zama dandamali, a ɗaure ƙafafunsu da igiya, a hau a yi tsalle a gani. Labule zanen gado biyu ne a kan igiya, da mutum ɗaya a kowane gefe. In wasan dare ne, fitila mai caji a sa ta gaba tana haska fuskokin 'yan wasa, don in tana bayansu inuwa kawai za a gani. Janareta a kai shi bayan gini, a ja waya, a kuma tanadi tocila biyu a hannun masu jan labule ko da mai zai ƙare.