Kabewa na fure amma 'ya'yan na zubewa

Jama'a masu noman rani a Kwalkwalawa da Goronyo, in 'ya'yan kabewa na zubewa tun suna ƙanana, galibi barbara ce ba ta samu ba. Furen iri biyu ne: macen tana da ɗan ƙullutu a gindinta, namijin kuwa siririn kara kawai gare shi. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe a tsinko namijin da ya buɗe, a cire ganyen furen, a goga garin nan ruwan ɗorawa a tsakiyar macen. Namiji ɗaya ya ishi mata 2 ko 3. Da rana ta take furen zai rufe, shi ke nan. Feshin maganin ƙwari kuwa a bari sai yamma, don da safe ƙudan zuma ke wannan aikin.