Yadda na gyara harafin Ƙ da ya ɓata min banar gasa

Matasan unguwarmu sun ba ni aikin bana, wato babban ƙyallen sanarwa da ake ratayewa, ta gasar ƙwallon ƙafa. Na zaɓi irin rubutun nan mai kauri da ya ɗan kwanta zuwa dama, wanda haruffansa ba su da ƙananan ƙafafu a baki. Irinsa ne ake so a harkar wasanni: kwanciyar tasa tana nuna gudu, kaurin kuma yana sa a karanta shi daga nesa.

Da na rubuta "GASAR ƘWALLON ƘAFA" a CorelDRAW, manhajar zane ta kwamfuta, sai Ƙ ɗin biyu suka fito sirara, tsaye ƙyam, kamar baƙi a tsakiyar layi. Na duba, ashe wanda ya zana rubutun bai sa haruffanmu masu lanƙwasa ba, kwamfuta ce ta aro su daga wani rubutu. Wani abokin sana'a ya ce in bar K kawai. Ban yarda ba. Ƙafa daban, kafa daban.

Na koma irin rubutun Noto Sans na Google, kyauta ne, yana da Ɓ, Ɗ da Ƙ har a nau'insa mafi kauri mai kwanciya. Na ɗan matse tazarar haruffan don kanun ya haɗu. Kafin in kai wurin bugu, na danna Ctrl+Q na mayar da rubutun zane, don kada kwamfutar mai bugawa ta musanya shi. Sunayen ƙungiyoyi kuwa na bar su a rubutu tsaye marar kauri, domin mai kwanciyar yana gajiyar da ido idan ya yi yawa.