Kafin ka sayi sabon batir, duba caji tukuna

Salam 'yan uwa masu mashin, na ga korafi ya yi yawa kan batir yana mutuwa, hon ya shaƙe, sitata sai "kat kat" kawai. Don Allah kar ka yi saurin sayen sabo, ni sau biyu ina canjawa ashe rektifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke shiga batir, ita ce ta ƙone, kuɗina suka tafi a banza.

Fara da kan batir ɗin, in ka ga farin gari ya taru ka kwance waya, ta nagetif tukuna, ka wanke da ruwan zafi ka goge da sanfefa ka ɗaure tam ka shafa giris kaɗan. Duba fiyus ma.

Sai ka ari mitar gwada wuta wajen mai gyara ka sa ta a DC ka gwada batir ɗin, mashin a kashe lafiyayyen batir zai nuna wajen volt 12.6, in ka tayar ka ɗan ja totur ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5, in bai motsa ba to caji ba ya shiga, ko rektifaya ko koyil ɗin cikin magneto ko wata waya ta tsinke. In kuma ya wuce 15 rektifayar dafa batir take, shi ya sa ruwansa ke ƙafewa ƙwan fitila na ƙonewa.

Batir mai ruwa kuwa tataccen ruwan batir (distilled water, ba asid ba) ake ƙara masa, ban da na rijiya ko fiya wata. Masu ɗaura sifika da fitilu kala-kala, ku ja wayar ta bayan makulli yadda in kun kashe mashin su ma za su mutu, in ba haka ba da safe sai kik.