Kurakuran da na gaji da gani wajen ɗaukar ma'aikata da manhaja

Kamfanin da ya saki sanarwar gurbi ɗaya na akanta a Kano yau, kafin mako ya zagayo takardun da za su shigo sun fi ƙarfin idon mutum guda. A da ambulan ake tarawa a wajen maigadi, a cika kwali, a tura ƙarƙashin tebur. Yanzu kuwa daga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa har asibitoci da makarantun kuɗi, kowa na neman manhajar ɗaukar ma'aikata. Wasu na biyan kuɗin Zoho Recruit ko Workable, wasu SeamlessHR ta nan gida, wasu Odoo, masu ƙaramin ƙarfi kuma su haɗa Google Forms da Excel su lallaɓa. Aikin dai kusan ɗaya ne: a karɓi takardu wuri guda, a ciro suna da karatu da inda mutum ya taɓa aiki daga cikin CV, a ajiye kowa a matakinsa, a aika gayyata.

Ni ba maƙiyin manhaja ba ne, da ita nake cin abinci. Abin da ya ishe ni shi ne yadda kowane sabon shiga yake maimaita ɓarnar da na gabansa ya yi. Yawancin manhajojin nan an ƙera su ne domin mutumin da ke da imel nasa na kansa, yana duba shi safe da yamma, yana rubuta CV a kwamfutarsa, sunansa kuma ba ya karo da na kowa. Mai neman aikinmu na Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ba haka yake ba. Ka bar manhaja yadda ta zo, za ta riƙa zubar maka da mutane shiru, kai kana ganin allo fes kana murna.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona mini rai, wato barin imel ya zama shaidar mutum. Manhajoji da yawa da adireshin imel suke bambance wane da wane. In takardu biyu suka shigo da imel ɗaya, sai ta ɗauka mutum ɗaya ne ya turo sau biyu, ta haɗe su, ko ta ƙi karɓar ta biyun. A Landan wannan dabara ce. A nan kuwa, ka leƙa shagon intanet na unguwarku ranar da aka saki sanarwar aiki ka ga layi. Yaron shago ne ke cike wa mutane fom, kuma da ya tambayi mutum imel ya ga yana inda-inda, ko ya ce ya manta lambar sirri, sai ya sa nasa don layi ya motsa.

Wata masana'anta ta taɓa ɗauko ni in ƙarasa mata ɗaukar masu kula da sito da kashiyoyi. Na tarar an riga an kafa manhaja, an karɓi takardu, an tantance. Aka aika gayyata ta imel, aka yi hayar rumfa da kujeru, aka sayo ruwa da lemo. Ranar intabiyu har rana ta take tsaka kujerun nan suna kallonmu muna kallonsu. Alhaji mai masana'antar ya sauko daga ofis, ya tsaya bakin rumfa ya harɗe hannu a baya.

"Malam, ina jama'ar da aka ce sun yi yawa?"

"Ranka ya daɗe, suna hanya."

Babu wanda ke hanya. Da yamma na buɗe bayanan wani saurayi a manhaja, sai ga CV ɗin wata matar aure a ciki, ƙarƙashin nata na wani dattijo da ya yi ritaya, ƙarƙashinsa wasu kuma, duk an cusa su cikin sunan mutum ɗaya. Na buga lambar da ke kan fom ɗin. Aka ɗauka, ƙarar janareta na tashi a baya. "Yallaɓai, nan shago ne. Wanne daga ciki kake nema?" Gayyatar tamu tana can kwance cikin imel ɗin yaron shago, tare da ta wasu kamfanonin. Dole aka sake aikin daga farko, sito ya shiga hada-hadar sallah babu mai riƙe da littafi, ragowar kuɗin aikina ya maƙale, Alhaji kuma ya samu abin faɗa a kowane zama: "Ai dama na gaya muku kwamfutar nan ɓarnar kuɗi ce."

Tun daga nan lambar waya ce shaidar mutum a wajena. Ina kashe haɗewar da manhaja ke yi da kanta, sai dai ta nuna mini waɗanda take zargi, ni in duba in yanke. Gayyata kuma ta tes nake aikawa, in bi da WhatsApp, waɗanda suka kai matakin intabiyu in sa a kira su baki da baki. A fom ina ƙara gurbin lamba ta biyu, da tambaya ɗaya: kai ka cike ko cike maka aka yi? Wasu abokan sana'a ba su yarda da ni ba, suna cewa wanda ba ya duba imel bai dace da aikin ofis ba. In manajan kasuwanci ake nema, na ji. Amma direba, da mai sito, da nas, da malamin firamare, me imel zai gaya maka game da amanarsu? Ka kuma lura in za ka kwashe bayanai zuwa Excel, yana cinye sifilin farko na lambar waya, lamba 11 ta koma 10, saƙonka ya tafi iska. Ko ka mayar da layin ya zama na rubutu, ko ka sa kowa ya fara da +234.

Kada kuma ka gudu daga imel ka koma suna. Mutum ɗaya zai zama Mohammed a takardar WAEC, Muhammad a ta digiri, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Moh'd a CV. Haka A'isha da Aisha da Aishatu. Ga kuma mutum biyar daban masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Kafin ka saki fom, gwada shi da suna irin Mu'azu ko Sa'adatu, domin wasu fom ɗin ba sa karɓar alamar nan ta tsakiya, wasu kuma suna mayar da ƙ da ɗ alamar tambaya.

Na biyu, tambayoyin kora. Manhaja tana ba ka dama ka sa sharaɗi, duk wanda bai cika ba ta ture shi gefe tun kafin idon ɗan Adam ya gan shi. Rariya ce, girman hudar da ka zaɓa shi ke yanke abin da zai wuce, kuma ba ta san tsakuwa ba ta san tsaba ba. Yaro ya zauna zai kafa gurbin akanta, ya kwafo sanarwar wani banki a Legas, ya rubuta dole BSc, dole sakamako mai daraja ta biyu babba, kada a wuce shekara 27, dole takardar kammala bautar ƙasa. To wa ya kora? Ya kori duk mai babbar difloma ta HND, alhali Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta daɗe tana yaye akantocin da ke riƙe da littattafan kamfanonin garin nan. Ya kori mai B.Tech daga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ko ta fasaha da ke Minna, don kawai haruffan ba su zo daidai ba. Ya kori wanda ya gama karatu bayan ya haura shekara 30, wanda NYSC da kanta ta ba shi takardar ɗauke masa bauta. Ya kori macen da ta yi aure ta yi goyo sannan ta koma ta ƙarasa karatu. Sharaɗin shekaru kuwa, a ƙasar da yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, ban san wa ake hukuntawa da shi ba.

Ga kuma CV ɗin da aka ɗauka hoto da waya, a karkace, da inuwar hannu a gefe. Manhajoji da dama ba sa iya karanta shi da kyau, sai bayanan mutum su fito fayau babu komai, a ba shi makin ƙasa. Na taɓa tsinto wani a tulin waɗanda aka kora, mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe wa wani babban ɗan kasuwa sito a kasuwar Singa, ya san katan nawa tirela ke ɗauka ko daga barci ka tashe shi. Laifinsa kawai hoto ya turo. Kafin in kira shi wani kamfanin ya riga mu, mu kuma muka ƙare da mai CV ɗin da ya sha ado, wanda bai iya daidaita kaya da takarda ba.

Haba jama'a! Ku da kuka sa sharaɗin nan, ku da kanku za ku tsallake shi? Maigidan da ke biyan kuɗin manhajar, wataƙila a Kwari ya koyi lissafi, a tsaye. Kun zauna cikin sanyin ofis kun danna maɓalli, kun ce na'ura ce ta zaɓa. Na'ura ba ta zaɓi komai ba, abin da kuka gaya mata ta yi. Masu ɗokin makin da fasahar AI ke bayarwa kuma su tuna da Amazon. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin yadda Amazon ya watsar da manhajar tantance CV da injiniyoyinsa suka fara ginawa tun 2014, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, saboda da takardun shekara goma aka koya mata, yawancinsu kuma na maza ne. In mai wannan kuɗi da ƙwararru ya ci karo da haka, kai da ka sauke taka jiya fa?

Ni dai tambayoyin kora ba sa wuce uku a wajena, kuma sai abin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi: lasisin tuƙi ga direba, rajistar hukumar nas-nas da ungozoma ga nas, yarda da aikin dare inda ake aikin dare. Wajen karatu ina buɗe zaɓi, digiri ko HND ko makamancinsu. Ba na barin manhaja ta aika saƙon kora da kanta. Duk ranar Alhamis bayan la'asar nakan zauna in bi tulin waɗanda ta ture, musamman masu bayanan da suka fito fayau. Doka ma tana gefena a nan, domin dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin neman ɗan Adam ya sake duba hukuncin da na'ura ita kaɗai ta yanke a kansa.

Sai maganar da ba a so a yi, takarda daga sama. Ɗan yayar Hajiya, ɗan limamin unguwa, yaron da abokin Alhaji ya turo. Ba zan yi maka ƙarya in ce za ka hana ba, a Kano muke. Kuskuren shi ne a bar su su bi ta bayan gida, manhaja na nuna gurbi a buɗe alhali tuni an ba wani, jama'a na ta kashe kuɗin data da na mota. Ni nakan ce, "Ranka ya daɗe, a turo mini shi ya cike fom kamar kowa, zan rubuta cewa ta wajenka ya zo." Ya zauna jarrabawa ɗaya da saura. In Alhaji ya ga makinsa kusa da na sauran ya ce duk da haka a ɗauke shi, kamfaninsa ne. Sau da yawa kuwa da ya ga makin, shi da kansa yake sauya magana.

Ragowar ƙanana ne, amma suna cizo. Duba agogon manhaja ka mayar da shi lokacin Najeriya, kada gayyatar ƙarfe goma ta fita da lokacin Amurka. Rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 a wajenmu uku ga Afrilu ne, a wajen manhajar Amurka huɗu ga Maris. Toshe ranar Juma'a daga azahar, da azumi kuma ka tattara intabiyu da safe. Kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, wanda ya bar aiki a rufe tasa ran nan. Kada ka nemi BVN ko hoton katin NIN a fom ɗin farko, ba ka buƙatarsu sai ka ɗauki mutum, kuma dokar nan ta 2023 cewa ta yi a karɓi iya abin da ake buƙata, kada a riƙe shi fiye da ƙima. CV ɗin 'yar mutane, da hotonta da lambarta, ba abin turawa zauren WhatsApp na manajoji ba ne. Rubuta ɓaro-ɓaro a sanarwa cewa ba a biyan ko sisi, don 'yan damfara na kwafar sanarwa su sayar da fom. In an cike gurbi, sauke sanarwar daga Jobberman da LinkedIn da duk inda ka manna ta, ka aika wa waɗanda ba su samu ba layi biyu na ban haƙuri. Wanda ka ɗauka kuma, danna maɓallin "an ɗauka" ba takarda ba ce, dokar ƙwadago ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika.

Kafin ka sa hannu kan kowace manhaja, tambayi da wane kuɗi ake biya. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500, kuma masu biyan kuɗin wata da dala sun ji a jikinsu. Tambayi kuma ko kan kowane ma'aikaci ake caji ko kan kowane gurbi, da yadda za ka kwashe bayananka in za ka bar su. Ni duk ƙarshen wata nakan sauke komai, sunaye da lambobi da CV da makin intabiyu, in adana a kwamfutar ofis mai lambar sirri, domin ranar da kati ya ƙi biya wasu manhajojin rufe maka ƙofa suke yi har sai ka kawo kuɗi.