Darasi na 9: Kafin ka bar aikin da ka saba da shi saboda albashi mai tsoka

Wannan darasi na mutumin da yake da aiki a hannu ne, aikin da ya iya, ake biyansa a kan lokaci, kuma yake zaman lafiya da abokan aikinsa, sai ga wani wuri ya yi masa tayin albashin da ya fi na yanzu. Yawancin mutane kan ɗora albashi a kan albashi su ga wanda ya fi, shi ke nan sun yanke hukunci. Wannan lissafi bai cika ba. Abin da za a gwada shi ne kuɗin da ke saura a hannu bayan an cire abin da aikin kansa yake ci. Ka samo biro da takarda, ka raba ta gida biyu: tsohon aiki a dama, sabon aiki a hagu.

Albashin baki da albashin hannu

Adadin da aka faɗa maka a wajen ganawa ba shi ne zai shiga asusunka na banki ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Sai haraji. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a cire musu komai, abin da ya biyo baya har zuwa Naira miliyan 3 kuma ana cire kashi 15 cikin 100. Ke nan mafi yawan ƙarin da aka yi maka zai faɗa inda haraji yake ci.

Ga misali. Alƙaluman na koyo ne, kai ka sa farashin garinku. Malam Haruna mai kula da sito ne a wani kamfani a Kano, albashinsa Naira 120,000. An yi masa tayin Naira 200,000 a Abuja. A ido, ƙarin 80,000 ne. Idan aka cire fansho da haraji, tsohon albashin zai koma wajen 104,000, sabon kuma wajen 166,000. Ƙarin ya zama 62,000 tun bai taka ƙafarsa waje ba.

A Kano yana zaune a gidan gado, ba ya biyan haya. A Daidaita Sahu ɗaya yake hawa, Naira 600 zuwa da dawowa, kwana 22 a wata, wato 13,200. A Abuja mai irin albashinsa ba ya iya kama ɗaki a cikin gari, sai Mararaba ko Nyanya ko Suleja. A ce kuɗin mota 1,500 a rana, kuma sabon wurin har Asabar ake aiki, kwana 26 ke nan: 39,000. Bambancin ya kusa 26,000. A ce ɗakin haya 360,000 a shekara, wato 30,000 a wata. Cire waɗannan biyu daga 62,000, saura 6,000. Ba a sa abincin da zai riƙa saye a waje ba alhali tukunyar gida tana nan a kan wuta, ba a sa kuɗin motar zuwa ganin iyali ba. Sannan haya ba wata-wata ake karɓa ba, ta shekara guda ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga katifa da bokiti da risho, duk kafin albashin farko ya shigo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke cinye albashi a ɓoye, don haka kada ka yi masa ƙiyasi da ka. Tambayi wanda yake bin hanyar kullum.

Lokaci ma kuɗi ne

Raba albashin hannu da awannin aiki. Malam Haruna yana yin awa 8 a rana, kwana 22, awa 176 ke nan, kowace awa ta tashi wajen Naira 590. A sabon wurin awa 10 ne, kwana 26, awa 260, kowace awa wajen Naira 640. Hamsin ce tsakaninsu. Idan kuma yana tashi ƙarfe huɗu ya wuce shagonsa na yamma, ko yana noma 'yar gona da damina, duk wannan zai tsaya. Rubuta abin da shagon ko gonar ke kawowa a gefen tsohon aiki. Masara da geron da suke ci da gida wata huɗu ko biyar kuɗi ne, ko da ba a sayar ba.

Wane ne zai biya ka, kuma har yaushe?

Nan ne aka fi yin asara. Albashi babba a wurin da ake yin wata uku ba a biya ba bai kai ƙarami mai zuwa kowane ƙarshen wata ba. Nemi mutum biyu, ɗaya yana aiki a wurin yanzu, ɗaya ya bari. Tambaye su ranar da albashi yake shiga, ko ana bin bashin watanni, da dalilin da ya sa wanda ke kan kujerar da za a ba ka ya tafi. Kujerar da take sauya mutum duk bayan 'yan watanni akwai abin da ke korarsu.

Duba sunan da ke saman takardar ɗaukar aiki. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa suna ɗaukar ma'aikata ta hannun wani kamfani na daban. Kana zaune a ofishinsu, kana sa rigarsu, amma a takarda kai ba nasu ba ne, kuma ƙarin girma da garatutin ma'aikatansu ba su shafe ka ba. Haka aikin ƙungiyoyin agaji: albashi mai kyau, amma kwantiragi ne na wata 6 ko shekara 1, ranar da kuɗin shirin ya ƙare aiki ya ƙare. Mai karɓar irin wannan aiki ya shiga da niyyar ajiye wani kaso kowane wata.

Akwai kuma lokacin gwaji, galibi wata 3 zuwa 6, wanda a cikinsa sallamarka ba ta da wuya. Mace mai juna biyu ta lura da wannan: Dokar Ƙwadago ta ba da hutun haihuwa na mako 12, amma haƙƙin karɓar aƙalla rabin albashi a lokacin hutun sai ga wadda ta yi wata 6 ko fiye a wurin. Wurin da ya ce sai ka biya kuɗi kafin a ba ka takardar aiki kuwa, rabu da shi, damfara ce.

Fansho da bashi

Idan kana da asusun fansho na tsarin da hukumar PenCom ke kula da shi, asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Lambarsa kawai za ka miƙa wa sabon wuri. Bayan wata biyu ko uku ka duba ko suna zuba kuɗin da gaske, don akwai masu cirewa a albashi su riƙe. Ma'aikacin gwamnatin jiha ya yi hattara sosai, domin wasu jihohi suna da tsarin fansho nasu na daban, inda yawan shekarun aiki ne ke nuna abin da mutum zai samu. Wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu ya cika sharaɗi, ya je ofishin fansho ya ji matsayinsa kafin ya rubuta komai. Ya kuma tambaya ko za a ba shi hutun da ba albashi a maimakon murabus.

Bashin ƙungiyar ma'aikata, ko na banki da ake cira daga albashi, ba ya mutuwa don ka tafi. Sau da yawa ana zare ragowar gaba ɗaya daga haƙƙinka na ƙarshe.

Zama ma yana da tsada

Kada a fahimci darasin nan a matsayin cewa kowa ya zauna inda yake. Albashin da ya shekara huɗu bai motsa ba, a wannan tsadar, raguwa yake yi kullum. Idan ba ƙarin girma a gabanka, ba wani sabon abu da kake koya, kuma sabon aikin a garinku yake, ko zai koya maka sana'ar da za ta ɗaga darajarka nan gaba, to jin daɗin wurin da ka saba bai isa hujjar zama ba. Matashin da nauyi bai yi masa yawa ba ya fi kowa damar gwadawa. Magidanci mai 'ya'ya a makaranta da iyaye tsofaffi a gabansa yana bukatar tazara mai faɗi a lissafinsa, da ajiyar da za ta riƙe gida wata uku idan abin bai yi kyau ba. Ya zauna da matarsa su yi lissafin tare, don ita ta fi sanin abin da cefane yake ci. Bayan shawara sai istihara.

Yadda ake fita

Kada ka ajiye aiki a kan alƙawarin baki ko saƙon waya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sai takarda ta zo hannunka da sa hannu, ɗauke da albashi, alawus, ranar farawa, wurin aiki da tsawon lokacin gwaji. Da ita a hannu kana iya zuwa wurin shugabanka cikin ladabi ka tambaya ko akwai abin da za a ƙara maka, amma kada ka yi barazanar tafiya in ba ka shirya tafiyar ba.

Notis a rubuce ake ba da shi. Idan takardar aikinka ba ta faɗi wani wa'adi mai tsawo ba, Dokar Ƙwadago ta sa mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, da wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Wanda ya tafi ba notis ana iya cire kuɗin kwanakin daga haƙƙinsa. Yi kwafi biyu, a sa hannu a naka. Miƙa makullai da kaya da lissafi a rubuce a gaban shaida, musamman mai riƙe da sito ko kuɗi, ka karɓi takardar shaidar aiki, ka yi sallama da kowa. Sabon wurin yakan kira tsohon ya tambayi halinka.

Aikin gida

Cika takardarka mai gida biyu da alƙalumanka na gaskiya. Sannan sake lissafin Malam Haruna, amma a ce sabon aikin a Kano yake, a unguwar masana'antu ta Sharaɗa, kuɗin mota 1,000 a rana, kwana 26. Nawa ne zai rage masa a kan tsohon aikinsa? Kawo amsarka aji mai zuwa.