Yadda ake zaɓen babur ɗin tiriyal marar ƙara kuma mai ƙarko don hanyoyin duwatsun Adar

Duk wanda ya bar kwalta daga Tawa ya nufi ƙauyukan Keita ko na Buza ya san cewa hanyoyin Adar ba iri ɗaya ba ne, domin nan fako ne mai tsakuwa, can hawa ne mai manyan duwatsu, gaba kaɗan kuma busasshiyar ƙorama ce da yashi ya cika. Baburan da suka cika kasuwanninmu, irin su Kasea da Haojue da Boxer, an ƙera su ne don gari da laterit, kuma ko da yake ƴan kabu-kabu suna kai su inda ba a zata ba, cikinsu yana kusa da ƙasa, giyarsu ta farko kuma ba ta jure tafiyar sannu a kan hawa. Babur ɗin tiriyal kuwa don wannan aikin aka yi shi. Asalinsa wasa ne na Turawa da ake gwada gwanintar mahayi wajen ƙetare duwatsu da kwazazzabai ba tare da ya sa ƙafa ƙasa ba, gasarsa mafi daɗewa kuma ita ce ta kwana shida da aka fara a Sikotlan a 1909.

Abin da ya kamata mai saye ya fara fahimta shi ne cewa tiriyal na gasa ba babur ɗin tafiya ba ne. Nauyinsa bai cika wuce kilo 65 zuwa 75 ba, ba shi da wurin zama domin a tsaye ake tuƙa shi, tankinsa kuma yana ɗaukar lita 2 zuwa 3 ne kawai, abin da da ƙyar yake kai mutum kilomita 50. Giyarsa uku na farko gajeru ne ƙwarai, an yi su ne don hawa a hankali, shi ya sa yake rarrafe a kan dutse cikin natsuwa amma yake wahala idan aka miƙe da shi a doguwar hanya. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, ka tsaya ka auna irin tafiyar da kake yi. Idan kana da motar da za ta ɗauki babur ɗin zuwa gindin tsauni, ka yi yawonka na awa biyu ko uku ka dawo, to na gasa ya wadatar. Idan kuwa daga ƙofar gida za ka tashi, ka zaga gonaki da rijiyoyi da rugage har yamma, to ka nemi wanda aka haɗa masa halin tiriyal da na babur ɗin daji, mai wurin zama da tanki babba. Montesa 4Ride, wanda ya fito a 2016 da tanki mai kimanin lita 4, yana cikin wannan aji, haka ma Beta Alp 200 mai injin Suzuki. A ganina, mafi yawan mutanen Adar irin wannan suke bukata, ko da idonsu ya fi tafiya kan na gasa.

Batun inji ne ya fi cancantar dogon tunani, domin a nan ƙara da ƙarko suke haɗuwa. Inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur, shi ne ya fi yawa a kamfanonin GasGas da Sherco da TRS da Beta. Ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, kuma makaniken da ya saba da Yamaha DT 125 ba zai ruɗe ba idan ya buɗe shi. Sai dai yana neman baƙin mai na musamman mai kyau, a gauraya shi daidai da awon da kamfani ya faɗa, wanda yawanci bai wuce kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma ranar da aka manta ko aka sa na jabu, fistin yana iya kamewa a tsakiyar daji. Inji mai bugu huɗu ya ɗan fi nauyi, amma fetur zalla yake sha, yana tattalinsa, kuma yana daɗewa kafin a buɗe shi muddin ana canza masa mai a kan lokaci. Montesa Cota 4RT, wanda aka fara sayarwa wajen 2005 da injin Honda, ya yi suna wajen ƙarko, kuma a kan baburan wannan kamfani ne Toni Bou ɗan Sifen ya riƙa cin gasar duniya tun daga 2007. Amma 4RT ba kabureta gare shi ba, na'ura ce take fesa masa mai ta wani ɗan famfo da ke cikin tanki, kuma wannan famfo ba ya shiri da dauɗa. Mu kuwa da zarar mun yi nisa da gidan mai, sai man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ba a rasa shi da ƙura ko ɗigon ruwa. Wanda ya zaɓi irin wannan babur dole ne ya riƙa tafiya da mazurari mai matata, ya tace kowace lita kafin ta shiga tanki. Beta Evo mai bugu huɗu yana da kabureta, wadda kowane makanike a Tawa ko Ƙwanni zai iya kwancewa ya wanke, kuma masu wannan wasa sun san shi da sanyin murya.

Rashin ƙara ba ado ba ne a wurinmu. Hanyoyin da tiriyal yake bi su ne hanyoyin jakai da raƙuma da garken awaki, kuma babur mai ruri yana iya watsa wa makiyayi dabbobinsa ko ya firgita jakin da yaro yake kai da tuluna. Ban da wannan, a shekarun nan ƙarar babur daga nesa tana tayar da hankalin mutanen ƙauye saboda dalilan da kowa ya sani, kuma mutumin kirki ba zai so a ji shi kafin a gan shi ba. Yawan ƙarar ya dogara ne ga salansa fiye da sunan kamfani. A cikin salansar akwai audugar gilashi da take shanye sauti, wadda takan ƙone ko ta jiƙe da mai bayan wani lokaci, musamman a inji mai bugu biyu, kuma sake cusa sabuwa aikin rabin awa ne da yake mayar da muryar babur yadda take. Ka guji wanda aka cire masa matoshin salansa ko aka sa masa ta gasa, domin ɗan ƙarfin da aka ƙara ba shi da amfani a tafiyar daji. Ka kuma lura cewa kunnen mahayi yana yaudararsa: muryar mai bugu huɗu kakkaura ce, tana da daɗin ji kusa amma tana tafiya nesa, ta mai bugu biyu kuwa siririya ce da take mutuwa da wuri idan ba a murɗa hannu sosai ba. Hanyar ganewa ita ce ka sa mai babur ɗin ya hau ya yi nisa da kai, kai kuma ka tsaya ka saurara.

Wanda ya fi kowane shiru shi ne na lantarki, irin na kamfanin Electric Motion na Faransa, wanda ba a jin komai daga gare shi sai motsin sarƙa da taya. Ba ya son fetur, ba shi da fulogi ko matatar iska. Sai dai batirinsa ba ya ƙaunar zafi, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, ga rashin mai gyara idan na'urar cikinsa ta lalace. Ga mai wutar lantarki ta hasken rana a gida, wanda yawonsa bai yi nisa da gari ba, zaɓi ne mai kyau. Ga mai zuwa ruga kuwa ba na ba da shawararsa.

Zafin nan yana shafar masu fetur ma. Tiriyal na zamani da ruwa yake sanyaya, lagiretonsa ƙarami ne, kuma tun da tafiyar a hankali take, iska ba ta isa sai da taimakon ƴar fanka da take tashi da kanta. Idan fankar ta mutu, ruwa yana tafasa cikin ƴan mintoci. Wannan ne ya sa har yanzu nake ganin darajar tsofaffi masu sanyaya da iska, kamar Yamaha TY 175 na shekarun 1970 da Honda TLR 200 na shekarun 1980, waɗanda ba su da ruwa balle ya zube, TLR ɗin kuma muryarsa ƙasa take ƙwarai. Matsalarsu ita ce shekaru da wuyar samun kayan gyara.

Tayar tiriyal taushi gare ta, ta gaba inci 21, ta baya inci 18, kuma ana rage musu iska sosai, wajen 0.4 a gaba da 0.3 a baya a ma'aunin iskar taya da ake kira bar, domin robar ta rungumi dutse. A kan duwatsun Adar wannan ni'ima ce, amma ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa jin tausayin roba mai taushi. Tayar baya yawanci ba ta da tib, saboda haka igiyar faci da ƙaramin famfo su zama abokan tafiyarka, ta gaba kuma a sa mata tib mai kauri, a ɗan ƙara iska idan hanyar mai ƙaya ce. A cikin yashi mai zurfi kuwa, kamar na arewa wajen Abalak, wannan taya ba ta da kuzari, kuma wanda yawancin hanyarsa yashi ne gara ya duba Yamaha AG 200 ko TW 200 mai faffaɗar taya.

Sabon tiriyal a Turai yakan kai Yuro 7,000 ko fiye, wato sama da sefa miliyan 4.5 kafin kuɗin jigila da na duwan, don haka mafi yawanmu na hannu za mu saya, kuma a nan ake bukatar ido. Ka nemi a bar maka injin da sanyinsa, ka taɓa shi ka tabbatar, sannan ka tayar da kanka, domin inji mai ɗumi yana ɓoye laifi. Ka bar shi yana aiki har fanka ta tashi. Ka duba man giya, idan ya yi fari kamar nono to ruwa yana shiga ta robar famfon ruwa. Ka ɗora babur a kan wani abu tayoyi su bar ƙasa, ka girgiza kowace gefe da gefe, ka ɗaga ta baya sama da ƙasa ka ji ko akwai sako-sako a mahaɗan shokoba. Ka leƙa farantin ƙarfen da yake kare cikin inji, idan ya lotsa har ya taɓa injin, ko robar da ke tsakaninsu ta cinye, to babur ɗin ya sha duka, kuma dutse ɗaya yana iya fasa shi. Daga nan ka buɗe akwatin matatar iska ka shafa yatsa a bayan soson. Ƙurar da ka samu a can ta riga ta shiga inji. Da hazon hunturu irin namu, soso biyu ya kamata ka mallaka, ɗaya a jikin babur, ɗaya wankakke da mansa yana jira. Ka karanta murfin man kuloci da na birki ma, domin wasu da man DOT 4 suke aiki, wasu da man ma'adini, kuma musanya su yana kumbura robobin ciki.

Tun da da wuya ka samu kayan waɗannan babura a shagunan Tawa, ko ma na Yamai, ka sa a aiko maka tare da shi da fulogi, takalmin birki, hannun kuloci da na birki, robar famfon ruwa, sarƙa da haƙoranta, da audugar salansa. Ka tabbatar lambar da aka buga a jikin firam ta yi daidai da ta takardu, kuma babur ɗin yana da fitila da abin da ake bukata don a yi masa kat-giris, wato takardar rajistar abin hawa, domin da yawa daga na gasa ba a yi su don hawa titi ba. Sannan ka tuna cewa a 2017 an sa yankunan Tiliya da Tasara cikin dokar ta-ɓaci, kuma a wasu sassan ƙasar an sha hana zirga-zirgar babura gaba ɗaya, saboda haka kafin ka shiga dajin da ba ka saba ba ka tambayi jandarma ko ofishin magajin gari halin da ake ciki, ka sanar da mai garin da za ka ratsa, ka sa hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu, kuma ka tafi da abokin tafiya da isasshen ruwan sha.