Ganin likitan ƙwaƙwalwa ta waya ko zuwa asibiti, ga yadda za ka zaɓa

Mutane na ta tambaya wai tunda yanzu likita zai iya ganinka ta bidiyo a waya, me zai sa mutum ya yi sammako ya bi layin kati a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware? Ni dai shawarata ganin farko a je da ƙafa. Likita na son ya ga tafiyarka, ya ga ko hannu na rawa, ya auna hawan jini, wani lokacin ma ya tura ka gwajin jini, don cutar maƙoƙo kan zo da faɗuwar gaba da rashin barci sak kamar ciwon damuwa. Kuma a tafi da ɗan'uwan da ya san yadda abin ya faro.

In an ɗora ka kan magani ka fara samun sauƙi, to a nan waya take da rana, musamman ga wanda ke ƙauye kuɗin mota na neman fin kuɗin maganin, ko mai jego, ko wanda kunyar kada a gan shi a ƙofar asibitin take sa ya daina zuwa gabaɗaya. Kafin lokacin ka yi caji ka sa data, ka shiga ɗaki ka rufo ƙofa yadda ba mai jin ka, kwalayen maganin su kasance a gabanka don ka nuna masa ya karanta da idonsa, kada ka ce masa "wannan farar ƙwayar". Ku yi magana tun farko in netwok ya yanke zai kira ka ta layi. Ka kuma tambayi lambar rajistarsa ta MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, masu kiran kansu dakta a Facebook sun yi yawa wallahi.

Amma akwai inda waya ba ta isa. Mutum ya fara zancen kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko ya yi kwanaki ba barci sai surutu, ko mace ta rikice bayan haihuwa, ko wuya ta sandare ido ya kafe sama bayan shan magani irin haloperidol, a ɗauke shi sai asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Haka mai karɓar allurar wata-wata da mai shan lithium da ake duba jininsa lokaci-lokaci, dole sai an je.